Mai Fitilar da Ya Bi Hannun Makaɗi

Tun da hantsi Mai Fitila yake shiga ɗakin wasa, kafin kowa ya zo. Yakan rataye rigarsa a ƙusa, ya hau tsani ya goge idon kowace fitila da tsumma, sannan ya koma can bayan kujerun ƙarshe inda teburinsa yake. A kan teburin na'urarsa take, mai maɓallai birjik da 'yan sanduna da ake turawa sama da ƙasa. Nan yake zama ya saita launukan wasan ranar: yadda ja zai narke ya koma ruwan goro, yadda shuɗi zai janye ba tare da ido ya kama tafiyarsa ba. Yakan kuma saka wa na'urar saurin kowace waƙa, don fitilu su riƙa ƙiftawa daidai da ganga. Ya tsufa a wannan kujera, mai kallo bai taɓa waiwayowa ya dube shi ba. A watan nan zai ajiye aiki, idanunsa sun gaji, shi ya sa zan faɗi abin da na gani.

Marigayi maigidana shi ne mai gangar ƙungiyar da ke wasa a ɗakin. Shi da Mai Fitila ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Maigidana yakan ce, "Sarkin duhu, yau ma a ɓoye za a ci albashi?"

"Kai dai riƙe gangarka. In na kashe maka fitila ko matarka ba za ta gane ka ba."

Wata rana bayan gwaji sai ga Mai Fitila a gidanmu, alhali ya san maigidan bai dawo ba. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu.

Ya ce, "Ƙanwata, ki kai mutumin nan asibiti."

Na ce, "Yaya, lafiyarsa lau fa. Ko da safen nan sai da ya yi min faɗa a kan gishiri."

Ya ce, "Faɗa ai ba ya cin ƙarfi. Saurin da na saka wa fitilu daga hannunsa na ɗauka, tun yana da ƙarfinsa. Na'ura ba ta gajiya. Yanzu haske yana riga shi. Kunne bai kama ba tukuna, amma ni ina gani."

Muka je, likita ya ce ciwon ya riga ya yi nisa. Maigidana ya hana a faɗa wa kowa. Wasanni kaɗan suka rage a shekarar, kuma ya san shugaban ƙungiya mutum ne mai tausayi. Ranar da ya ji, zai ce ya je ya huta, a ɗora wani a kan gangar. Tausayin nan shi yake tsoro. Ya ce min so yake a tafa masa don ya iya, ba don yana mutuwa ba. Sai dai fitilun za su tona shi, domin duk wanda ya ga haske na ƙiftawa kafin ganga ta faɗi zai san da magana.

Mai Fitila bai yi masa alkawarin komai ba. Kawai ya cire saurin da ya ajiye a na'ura, ya koma bin gangar da ɗan yatsa. Akwai wani ƙaramin maɓalli a gefe, shi yake taɓawa bugu bayan bugu, tun daga farkon wasa har ƙarshe, idonsa a kan kafaɗar abokinsa. In hannu ya yi nauyi, haske ma ya yi nauyi. Ya ɗauke masa fari da kore, don suna fito da ramar fuska, ya bar masa ruwan zuma. Har shugaban ya ce kwanan nan waƙoƙin sun sami natsuwa.

A wasan ƙarshe kusa da Mai Fitila na zauna. Ana tsakiyar waƙar rufewa sai hannun maigidana ya tsaya. Mai Fitila bai ko motsa kai ba, ya ja sanda ɗaya ƙasa a hankali, ya tura wata sama. Haske ya zame daga kan ganga ya koma kan mawaƙiya, kamar dama haka aka tsara. Ita kuwa da ta ji shi a fuskarta sai ta ja muryarta ta riƙe. Kafin ta saki, ganga ta dawo. Maigidana ya kai waƙar ƙarshenta.

Da aka ɓarke da tafi, Mai Fitila ya ba shi haskensa cikakke, sannan ya rage shi sannu sannu, ya bar gefen dandamali cikin duhu har na isa na tare shi da kafaɗa.

A bayan labule maigidana yana haki ya ce, "Yau fitilarka ta yi ladabi."

Mai Fitila ya ce, "Ta girma ne, ta san na gaba da ita."

Maigidana bai sake hawa dandamali ba har Allah ya yi masa rasuwa. Masu zuwa gaisuwa duk magana ɗaya suke yi: "Ashe ba shi da lafiya? Mu da muka gan shi yana kiɗa garau." Ina jinsu, ina kuka, ina gode wa Allah.

Yaya, kai ne ka ga rauninsa kafin kowa, kuma kai ne ka rufe shi. Na ga yatsanka ya gaji ranar nan, ba ka ɗauke shi daga maɓallin ba. Na gode. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa masa, ya ba idanunka sauƙi.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku koyi maɓallan, amma ku riƙa ɗaga kai kuna duban wanda kuke haskawa. In kun ga ya rage sauri, ku jira shi.