Kaset Ɗin Inna, Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Tarauni

Gyaɗi-Gyaɗi, ƙarfe shida saura kwata

Ina idar da sallar asuba ranar Lahadi na naɗe kaset ɗin a ɗankwali, na tura shi cikin jaka, na fito gari bai gama wayewa ba. Tafiyar ba ta kai kilomita huɗu ba, amma wallahi ban taɓa yin wadda gabana ya faɗi kamarta ba.

Mu a gidanmu kowane zamani da kaset ɗinsa. Akwai na garaya da muke sakawa ranar wanki, akwai na Indiya da na haddace lokacin da Abban yara ke zuwa zance, akwai na bege da ya raka ni zaman jego. Amma wanda na ɗauko na kiɗan kalangu ne, na mahaifiyata Inna. Shekarun baya marigayi Babanmu ya zo kunna shi, ya danna jan maɓalli bisa kuskure, rediyon ta ɗauki muryarsa a tsakiyar waƙa ta uku yana kiran Inna: "Binta, ina shayin ne?" A lokacin Inna ta yi sati tana masa mita. Yanzu tsufa ya taɓa mata tunani, ko sunana ba ta riƙewa, kuma ba ta kai loma baki sai ta ji wannan kiran. Ta amsa, "Ga shi nan, Malam," sannan ta ci.

Ranar Asabar da rana rediyon ta cinye zaren kaset ɗin. Tun daga nan Inna ta rufe baki, ga ta da ciwon suga. Masu gyara na unguwarmu duk sun koma waya. Ɗayansu ya yi min kwatancen wani tsoho a Tarauni, ya ce in same shi kafin ya tafi coci ƙarfe bakwai.

A kan hanya, ƙarfe shida da minti goma

Adaidaita sahun da na samu, sifika ce ƙatuwa a ƙarƙashin kujerarsa, kiɗa na dukan ƙafafuna.

"Malam, don girman Allah sifikar nan taka! An ce maganaɗisun cikinta na goge kaset."

"Kaset, Hajiya? A wannan zamanin?"

Ya kashe kiɗan yana dariya, shi a ganinsa ya gama taimakona. Ni kuwa na ɗora jakar a kaina, haka muka tafi, masu shara suna kallona.

Kafin Daurawa muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya ga mace da jaka a ka tana zare ido, ya ce in buɗe. Ya warware ɗankwalin, ya sa yatsa zai ja zaren da ya leƙo.

"Yallaɓai, kada ka ja! Abincin uwata ne!"

Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya miƙo min, ya ce mu wuce.

Tarauni, ƙarfe shida da rabi

Tsohon da aka yi min kwatance, Oga Fidelis, na zaune a lungun bayan kasuwa, shagonsa manne da gidansa. Mutumin kudu ne, amma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na same shi ya sa farar riga, matarsa na tsaye da littafinta a hannu. Da na ba shi labari sai ya cire agogo, ya ce mata, "Madam, yau a kujerar baya za mu zauna a coci."

Ya kwance kusoshin kaset ɗin guda biyar, ya buɗe. Wurin da ya lalace ya kai tsawon hannu, ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta dahu ta zarce.

"Hajiya, nan kike yawan mayarwa baya?"

"Sau uku kullum. Safe, rana, dare."

"Shi ya sa. Kin cinye shi da kanki, ya yi siriri."

Innalillahi! Na zauna a kan wata tsohuwar talabijin. Shekara nawa ƙanena na cewa a juye muryar nan a waya, ni uwar sakaci ina cewa gobe.

Ya yi ta lallaɓa zaren da bayan farcensa, yana tsinkewa a hannunsa. Daga ƙarshe ya yanke, ya karɓi jan farcen matarsa ya haɗa bakin biyu, ya naɗe da biro, ya kunna. Kalangu ya tashi, waƙa ta uku ta shigo. Aka ji ƙit, mawaƙin ya tsallake baiti ya ci gaba abinsa. Babu Baba.

"Ki yi haƙuri, 'yata," in ji shi. Ya zuba guntun a ambulan ya ba ni, ya ƙi karɓar komai. Matarsa ta raka ni har titi.

Gida, ƙarfe takwas saura

Na tarar da Inna a kan tabarma. Na ajiye shayi ba suga da ƙosai a gabanta, na kunna. Tana kaɗa kai har aka iso wurin. Ta gyara zama, ta buɗe baki za ta amsa, waƙa ta wuce. Ta daɗe tana kallon rediyon, sannan ta juyo gare ni.

"Baiwar Allah, yau Malam bai yi kira ba. Ya fita ne?"

"Ya fita, Inna."

"Bai karya ba?"

"Bai karya ba."

Ta raba ƙosan biyu, ta tura rabi gefe. "To rufe masa wannan, kada ya huce." Sannan ta ɗauki nata ta kai baki.

Na rufe, na shiga ɗaki na yi kukana. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya na tarar da ita da rai. Oga Fidelis da Madam, Allah ya saka muku da alheri. Har yau kwano biyu nake kai mata.