Ruwa Suka Zuba Miki, Anti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya yi wa Anti Nas rasuwa. Ta yanke jiki ta faɗi a tashar mota kan hanyarta ta zuwa aiki, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Tun da Mama ta shigo da labarin na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na zauna sai in miƙe.

Anti, ciwon Baba ne ya haɗa mu. Bara zuciyarsa ta tsaya yana kan keken ɗinki a shagonsa. Wani direba da ya zo karɓar kaya ya kwantar da shi a ƙasa, ya yi ta danna masa ƙirji har motar asibiti ta iso. Bayan an sallamo shi sai ga ki a gidanmu. Kika ce ke ma'aikaciyar jinya ce, kina cikin masu bincike a kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya a gida ko a titi, don a gano abin da ya sa wani ya rayu, wani bai rayu ba. Aka ba ki kujera kika ƙi, kika zauna a ƙasa kusa da Baba kina tambayarsa a hankali.

Ina bayan labule ina leƙe. Kika ce, "Wace ce wannan sarauniyar surutu? Fito in gan ki."

Da kika dawo, kin zo da mutum-mutumin roba a cikin jaka. Kika ce, "Ga ɗan'uwanki na kawo miki, shi ma ba ya magana." Baba ya yi dariya har Mama ta harare shi. Likita ya ce ciwon zai iya dawowa, kuma ni ce nake wuni a shago ina saka maɓalli, don haka ni kika koya wa. Kika ɗora hannuna a tsakiyar ƙirjin, ɗaya kan ɗaya, kika ce in danna da ƙarfi da sauri, kada in tsaya.

Kin gaya mini abin da kika fi ji a gidajen da kika shiga: mutum zai faɗi, a kewaye shi, a zuba masa ruwa, a yi ta fifita. Kika ce, "Hannunki ya iya, saura bakinki. In Baba ya faɗi, ke za ki ce wa manya su matsa." Na sunkuyar da kai. Ba ki yi mini faɗa ba, kika ce wani zuwan za mu gwada.

Anti, ke ma ruwa suka zuba miki. Mai sayar da lemo a tashar ta ce ta juye duk ruwan da ke hannunta, wani ya yi ta fifita ki da kwali, suna kuka. Babu mugu a cikinsu, amma babu wanda ya danna. Na san kwana ne ya ƙare. Duk da haka, ko tari Baba ya yi sai gabana ya faɗi.

Jiya na tafi shago da matashin kai a maimakon mutum-mutumin roba. Na leƙa wurin mai aski da mai gyaran waya, maƙwabtan Baba. Na ce, "Kawu, don Allah ku zo in nuna muku wani abu."

Mai aski ya ce, "Ashe 'yar tela tana magana?"

Amma ya ajiye almakashi ya zo. Na ce in mutum ya faɗi kada su zuba ruwa, ɗaya ya kira motar asibiti, ɗaya ya danna. Ya durƙusa ya gwada a kan matashin, na ce ya ƙara ƙarfi, ya ƙara. Baba bai ɗago kai ba, amma na ji keken ya yi shiru.

Allah Ya jiƙan ki, Anti, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Ya sa kowane rai da aka ceto ta dalilinki ya zama sheda a gare ki. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Baba da Mama ga mahaifiyarki, da maigidanki, da yaranki, da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙuri. Gobe, in Allah Ya yarda, zan kai matashin wurin mai lemo.