Darmar da Yaya ya narka

A Bodinga nake zaune, amma a Shagari nake koyarwa. Kullum da safe nakan tsaya bakin titi in jira motar haya, a cusa mu baya kamar buhunan albasa, in isa makaranta ƙafata ta yi tsami. Kimiyyar sinadarai nake koya wa 'yan aji biyar da shida. Ɗakin gwajinmu akwai shi dai, amma kwalaben da ke ciki sun daɗe da bushewa, don haka duk shekara idan muka zo darasin batir, sai in zo da lemun tsami daga gida, in soke shi da ƙusa mai rufin tutiya da guntun jan ƙarfe, in nuna wa yara allurar ma'auni tana motsi. Su yi ta mamaki, ni kuwa na gaji da mamakin tun da daɗewa.

Wanda ya fara nuna mini cikin batir ba malami ba ne, yayana ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Yana da rumfa a jikin katangar gidansa, inda yake caji da gyaran batura na motoci da na babura. Tun ina ƙarama na san shi da riguna masu ƙananan huda a gaba, inda ruwan batir ya fantsama ya ci. Malama yake kirana, tun kafin in zama malamar.

Da wutar sola ta yawaita a ƙauyuka, aiki ya ƙaru masa. Masu shaguna da masu cajin waya daga Dingyadi da Lambara suka riƙa kawo manyan batura a bayan babur. Zafinmu ba ya barin batir ya daɗe. Ruwan ya ƙafe, farantan ciki su yi fari su sandare, batir ya daina riƙe wuta. Wanda zai gyaru sai Yaya ya gyara. Wanda ya mutu kuwa sai ya fasa shi da gatari, ya tuttular da ruwan a gindin katanga, ya zare farantan darma ya zuba a wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya ɗora a kan gawayi. Idan ta narke, ya kwashe dattin saman da ludayi, ya zuba sauran a mazubi ya yi sabon kan batir, ko ya yi dunƙule ya ajiye wa masu saye.

Wata Asabar na same shi a tsugune, kansa a bisa tukunyar, yana fifita wuta da murfin kwali. Gefensa ga kwanon fura a buɗe.

Na ce, "Yaya, hayaƙin ga guba na. Darma in ta shiga jiki ba ta fita da sauƙi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malama, mi kinka sani ga batir in ba zane bisa allo ba? Tun ba ki iya ɗaura zane ba nika wanga aiki."

Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na ce darmar nan da ruwan tsamin da ke cikin batir su ke yin musayar da ke ba da wuta, amma a jikin mutum darma ba ta da wani aiki sai ɓarna, tana bin jini ta kwanta a ƙashi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Awo, na jiya." Sannan ya goge hannu a rigarsa ya ɗauki furar ya sha.

Na sake faɗa bayan wata ɗaya. Na sayo masa abin rufe hanci, ya rataye shi a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Na ce aƙalla ya daina cin abinci a rumfar, ya ce to a ina zai ci. Daga nan na rage magana. Ba don na yarda ba, sai don na dawo daga Shagari da la'asar muryata a dushe, na yi ta faɗa wa yara sittin abu guda, ba ni da sauran ƙarfin faɗa wa babba. Wannan shirun nawa har yau yana damuna.

Ciwon ciki ne ya fara. Ya riƙa murɗa masa, ya kwana uku bai zaga ba. Aka ce basir ne, aka jiƙa sassaƙe. Aka ce shawara ce, aka sake jiƙa wani. Sai halinsa ya soma sauyawa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba ya koma faɗa da masu kawo aiki, ya manta batirin wa ya karɓa, ya ba wani na wani. Matarsa ta zo gidana wata Juma'a, ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire hijabi ba.

Ta ce, "Malama, yayanki ba shi na ba. Jiya buta ta kuɓuce mai wurin alwala har sau biyu. Hannun ya saki."

Na bi ta muka koma. Na ce ya miƙa hannunsa na dama ya ɗaga tafin sama. Ya miƙa, amma tafin ya rataya daga wuyan hannu kamar ganyen da ya sha rana. Ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta fito, tafin bai tashi ba. Na ce ya buɗe baki. A gindin haƙoransa akwai wani siririn layi baƙi-baƙi. Na taɓa ganin hotonsa a littafi, ban taɓa zaton zan gan shi a bakin ɗan'uwana ba.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta muka tafi Sakkwato. Mun yi zuwa huɗu kafin a sami inda za a auna darma a jini, muka jira sakamako kusan mako uku. Likitar da ta duba shi ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi sana'arsa, ta tambayi ko akwai yara a gidan, ta ce a kawo su su ma. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke mene ne aikinki?" Na faɗa mata. Sai ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An ba shi magani mai jan darma daga jini ta fita ta fitsari. Aka ce wadda ta shiga ƙashi kuwa sai a hankali, shekara da shekaru. 'Ya'yansa mata biyu ƙanana an sami kaɗan a jininsu, aka ce a nisanta su da wurin. A hutun ƙarshen zango ni da matarsa muka ɗaure hanci, muka yayyafa ruwa don kada ƙasar ta tashi, muka kankare gindin katangar da fartanya, muka zuba a buhuna. Muka rasa inda za mu kai su. Duk inda na tuna, akwai rijiya ko gonar wani a kusa. A ƙarshe muka haƙa rami a wani fako nesa da gari muka binne, ni ban san ko daidai muka yi ba.

Yaya yana nan da rai. Ciwon cikin ya lafa, faɗan ma ya ragu. Hannun ya dawo rabi, yana iya riƙe cokali amma ba ya iya ɗaga batir. Yana zama a rumfar yana gwada batura da ma'auni, ya ƙara musu tataccen ruwa, ya sa a caji. Ba ya fasa ko ɗaya. Bai taɓa ce mini na faɗi gaskiya ba, ni ma ban so ya ce ba.

Bayan watanni na lura tukunyar da mazuban ba sa nan. Na tambaya, ya ce wani magidanci daga Sifawa ya zo ya karɓe su, shi ke tattara matattun batura yanzu.

Na ce, "Ka hwaɗa mai abin da ya same ka?"

Ya ce, "Ya ga hannuna da idonai."

Da safiyar wata Laraba na fita da wuri na biya ta Sifawa. Na sami mutumin a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya riga ya hura wuta. Ya shimfiɗa mini buhu, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Yaya. Na faɗa masa komai, tun daga ciwon ciki har buhunan ƙasa. Ya yi ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Allah shi saka da alheri, Malama. Amma ni kullum in na gama sai na sha madara gwangwani guda. An ce tana wanke darmar."

Na ce madara ba ta wanke darma. Ya ce to, in Allah ya so zai kiyaye. Ya tashi ya ƙara gawayi. Na tsaya kaɗan ina kallon bayansa, sannan na koma bakin titi. Motar da ta zo a cike take, na jira ta biyu, na isa makaranta an riga an fita daga darasina na farko.