Tsohon da ke Jiran a Rufe Masa Ƙofa

Ina dawowa daga coci ta bakin hanyar ruwa, sai ga wani tsoho ya shigo da siririn jirginsa madatsar da ake ɗaga jirage. Rigar sanyinsa ta ƙone a hannu, furannin kan rufin jirgin duk sun bushe. Yana riƙe da sandar tuƙi, yana jira.

Aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tura ƙofar madatsar. Ko waiwaye bai yi ba ya ce, "Maureen, rufe mana."

Babu kowa a jirgin. Na san irin wannan kiran na abokin zama da ya rasu, ni ma na sha yin sa.

Can ya tuna ba ta nan. Ya kama tsanin bango zai hau ya rufe da kansa, hawa ya gagara.

Na ce, "Bawan Allah, zauna, zan tura."

"Ke ɗin ma ai ba yarinya ba ce," in ji shi. "Amma don Allah ba ki gan ni ba. 'Yata ta rantse ran da na kasa, sai gidan tsofaffi."

Na rufe, ruwa ya ɗaga shi, na buɗe masa ƙofar gaba, ya wuce. Akwai wata madatsar gaba kaɗan, can kuwa ba kowa ke bi ba, balle a samu mai tura masa ƙofa.