Saƙon da na riƙe wa Habu

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Injiniya Habu, ɗan Gwaggo Asabe ta Toranke. Wanda ya san ni ya san ko zaman makoki ba na iya yi ban sa wani ya ƙunshe dariya ba. Amma duk shekara in wannan wata ya kama, bakina nauyi yake yi.

Habu ya yi aiki a wata ƙasa mai nisa, a masana'antar da ake ƙera 'yan ƙwayoyin nan da ke cikin waya da kwamfuta. Ni kuwa na baza a Gaya cewa duk wayar da ke jihar Kano shi ya ƙera ta da hannunsa. Da ya zo gida ya ce in daina yi masa ƙarya, ya zaunar da ni. Injunan wurin, in ji shi, kowanne yana aika rahoto ga wata babbar kwamfuta: na fara, na gama, zafi ya yi yawa. Wani lokaci layin da ke tsakaninsu ya yanke. Aikinsa shi ne ya tsara wa inji kada ya zubar da saƙo ko ɗaya. Ya jera su a ma'ajiya, kowanne da lokacin da aka yi shi, layi na dawowa ya tura su bi da bi. "Kai kuwa Bala," ya ce, "da inji ne kai, da tuni an sayar da kai ga 'yan gwangwan."

A lokacin waya ba ta kamawa a gidan Gwaggo. Ni ke ɗaukar saƙonta in hau babur zuwa Gaya in kira shi. Da mahaifinsa ya rasu Habu bai samu zuwa ba, Gwaggo ta yi fushi, ta shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Duk kiran da na yi tambayarsa ɗaya ce: "Inna ta huce?"

Wata Talata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ka faɗa wa yaron nan na yafe masa, duniya da lahira."

Na kira shi. "Albishirinka."

"Goro."

"Ai ba a tauna goro ta waya. Faɗi ranar da za ka kawo shi tukuna."

"Bala, don Allah ka bar wasa."

Ina cikin dariya layi ya yanke. Na gwada sau biyu bai shiga ba, na ce gobe. Goben ta same ni a gonar gyaɗa, jibi ma haka. Ran Juma'a aka bugo cewa ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, rai ya yi halinsa.

Yanzu sabis har ƙuryar ɗakin Gwaggo. Jikokinta suna tura saƙon murya, in layi ya ɗauke wayar ta riƙe shi, ya dawo ta tura da kanta. Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya gani. Na san zai ce wayar da ta fi kowacce araha ta fi ni amana, kuma ba zan musa ba.

Shekara shida Gwaggo tana zaton na isar da saƙonta. Bara na kasa jurewa, na durƙusa na faɗa mata. Ta daɗe tana jan carbi.

"Ran me na faɗa maka?"

"Talata, Gwaggo."

"Shi kuma ya cika Juma'a. To da ransa na yafe masa. Wanda na yi dominsa ya ji tun ranar. Tashi, ka cika ni da kuka, ƙaton banza."

Habu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Wataƙila a can wani inji yana nan yana jera saƙonni yadda ya koya masa. A nan kuwa ya bar mutum ɗaya da ya daina karɓar goron albishir. In an aike ni, kafin a gama amsa sallama na faɗa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Habu, Inna ta huce. Saƙon na ranar Talata ne.