Busasshen Tuwon Babana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da na karanta wa babana wani yagaggen littafi a ɗakinsa da ke unguwar Nima tana nan daram, kuma da ita zan shiga kabari.

Babana tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa tun kafin a haife ni. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni kunya. Duk tuwon da ya rage sai ya marmashe shi ya shanya a tsakar gida, in ya bushe ya ɗura a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Maƙwabta suka fara cewa ba ma ciyar da shi. Wata Juma'a surukaina suka zo daga unguwar Alajo, suka tarar da shi yana korar kaji daga shanyarsa. Suna fita na jawo buhun na zazzage a kwata.

Na ce, "Baba, ka daina tona mana asiri! Da yunwa muke barin ka?"

Daga ranar ya daina cin abincin gidana, sai kokon da yake saye da kansa. Wata biyu yana ramewa ina kallo, girman kai ya hana ni durƙusawa.

Matata tana soya ƙosai a unguwar Kawukudi, ni nake sayo mata tsofaffin littattafai a kasuwar Tudu don naɗe wa masu saye. Ina cikin yaga ɗaya sai na ga hoton baƙaƙen sojoji a daji, haƙarƙarinsu duk a waje. Turancina na firamare ne, kwana uku na yi ina bin layi da yatsa. Littafin ya ba da labarin waɗanda aka yanke wa hanya a wannan yaƙin, abinci ya ƙare, waɗanda suka ɓoye ɗan busasshen abu a riga su ne suka kai labari.

Na shiga wurinsa bayan la'asar, na zauna a ƙasa, ina karantawa ina mayarwa da Hausa. Ya saurara, idonsa a rufe. Can ya ce, "Wanda ya rubuta wannan, sai da ya ƙoshi ya ɗauki biro."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Sai ya gaya mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Su biyu ne a dajin, shi da wani abokinsa Bazabarme da ya kasa tafiya. Abokin ya damƙa masa ƙanzon shinkafarsa na ƙarshe, ya ce, "Kai ne mai sauran ƙafa, ka tafi."

Na kama ƙafarsa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ɗan banza. Je ka ce wa matarka ta zubo tuwo, kada ta cika miya."

Shekara huɗu muka ƙara tare, kwano ɗaya muke ci. Ban san marubucin ba, ban ma san ko yana raye ba, amma har yau ina gode masa, ina gode wa Allah da bai ɗauki babana a cikin wata biyun nan ba. Tun daga lokacin, in na ga tsoho yana abin da ban gane ba, nakan zauna in tambaye shi kafin in ɗaga murya.