Mamman Ya Riga Ni

"Tsoho, ya ƙi shiga," in ji jikanyata Hauwa'u mai karatun kwamfuta a Aliero.

Tarihin gidanmu na Giwa Tazo take tarawa a manhajar da duk dangi ke iya rubutu ciki, ina faɗa tana rubutawa. Mun gama labarin Innarmu ke nan.

Na ce, "Mi ya hana?"

"Da muka buɗe shafin, lambar gyaransa huɗu, yanzu biyar. Kaka Mamman ya yi gyara daga Jega. Sai mun karanta nasa, kada mu shafe shi."

Ƙanena ne. Tun rabon gona ba mu magana.

Ta karanto nasa. Wai Inna ba ta iya waƙar daka ba. Ƙarya yake! Amma duk duniya shi kaɗai ya rage da zan yi wannan gardamar da shi.

Jama'a, babba yana fara kiran ƙanensa?